Intanet Da Ceton Rai: Hakkin Mai Ƙuncin Zuciya A Kan Jama'ar Musulmi

  

A sulusin dare na ƙarshe, sa'ad da masu tahajjudi suke tsaye gaban Ubangijinsu, akwai waɗansu bayin Allah da su ma idonsu biyu, amma ba salla ce ta hana su barci ba. Baƙin ciki ne ya danne su har suka fara ganin mutuwa ta fi musu rayuwa. Irin wannan mutum ba ya tashin matarsa ya gaya mata, ba ya buga wa limamin unguwa ƙofa, domin kunya da tsoron abin da za a ce. Abin da yake yi shi ne ya jawo wayar hannu ya shiga intanet, ya rubuta wa Google ko Facebook abin da bai taɓa furta wa mahaluƙi ba. To, a wannan sa'a, me zai tarar a can? Wannan ita ce tambayar filinmu na wannan mako, kuma tambaya ce ta addini, domin kuwa tsare rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka bayyana cewa shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da zuriya da dukiya.

Bari mu fara share fagen hukunci don kada a yi mana mummunar fahimta. Mutum ya kashe kansa haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai, babu saɓani a kan haka tsakanin malamai. Allah Ya hana shi ƙarara a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, hadisai ingantattu na Buhari da Muslim kuma sun zo da gargaɗi mai tsanani a kansa, har ma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi. Amma mai karatu ya lura da yadda ayar Nisa'i ta ƙare: da ambaton jin ƙan Allah ga bayinSa aka rufe ta. Hanin ya fito ne daga rahama, kamar yadda uwa takan fizge yaronta daga bakin rijiya. Mu kuwa sau da yawa mukan ɗauki hanin mu yar da rahamar.

Dubi yadda magabata suka yi da wanda wannan musiba ta riga ta auka wa. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa an kawo gawar wani mutum da ya kashe kansa, Annabi bai sallace shi da kansa ba. Imam Nawawi ya yi bayani cewa ya yi haka ne don tsawatarwa ga masu rai, amma sahabbai sun yi masa salla, kuma wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malamai. A cikin Mudawwana, Imam Malik ya tafi a kan cewa a yi masa salla, a yi masa duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi. Sa'an nan ga labarin Ɗufailu ɗan Amru Addausi, shi ma a cikin Sahihu Muslim. Wani mutum daga kabilarsa ya yi hijira tare da shi zuwa Madina, iskar garin ba ta karɓe shi ba, ya kwanta ciwo, haƙurinsa ya gaza, ya yi wa hannuwansa rauni har ya rasu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali amma hannuwansa a lulluɓe, mutumin ya shaida masa cewa an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwan da ya ɓata ba a gyara masa su ba. Da aka ba Annabi labari, sai ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannuwan su ma. Wannan hadisi ba lasisi ba ne ga kowa, hannuwan nan lulluɓaɓɓu ma sun isa gargaɗi. Amma linzami ne ga harsunan masu rai, waɗanda da zarar labarin irin wannan mutuwa ya fito a dandalin sada zumunta sai su yi rige-rigen rubuta cewa wane ɗan wuta ne, alhali uwarsa da 'yan'uwansa suna karantawa. Wa ya ba su mabuɗin wuta da aljanna?

Akwai kuma wata magana da ta zauna a bakin mutane, cewa mai imani ba ya shiga damuwa, wanda duk baƙin ciki ya kayar to imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana ba ta da tushe. Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda Suratu Yusuf ta ba da labari. Shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, masu tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Nana Maryamu kuwa, sa'ad da naƙuda ta kai ta gindin dabino ita kaɗai, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. A duba Suratu Maryam daga aya ta 23 zuwa ta 26 a ga amsar da ta samu. Ba a yi mata faɗa ba. An kira ta an lallashe ta, an nuna mata ruwa a kusa da ita, an umurce ta ta girgiza dabino ta ci ta sha hankalinta ya kwanta. Murya mai taushi, da abinci, da abin sha, da ɗan aikin da za ta yi da hannunta. Duk mai son ya koyi yadda ake magana da wanda ƙunci ya kai maƙura, to ga makaranta nan. Haka Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, idan aka yi rasuwa a danginta takan sa a dama talbina, wani irin kunu, a ba masu makoki, tana mai kafa hujja da cewa Annabi ya ce yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki.

Malaman Musulunci na farko ba su ɗauki ciwon zuciya abin kunya ba. Abu Zaid Albalhi, almajirin Alkindi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, watau 934 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, akwai kuma wanda yakan sauko wa mutum haka kawai ba tare da wani dalili na fili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin kome, wannan kuwa ya ce asalinsa daga jiki yake, yana bukatar magani irin na jiki tare da lallashi. Wannan na biyun shi ne kusan abin da likitocin yau suke kira ciwon damuwa. Marigayi Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan, shi ya fassara sashen littafin da ya shafi zuciya zuwa Turanci a 2013. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Saboda haka wanda ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa bai bar tawakkali ba, ya bi umurnin neman magani ne da ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito.

Yanzu mu dubi girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 727,000 ne suka mutu ta wannan hanya a shekarar 2021, kashi 73 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 29 ita ce ta uku cikin abubuwan da suka fi kashe su. A Nijeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa sun sha kokawa a 'yan shekarun nan cewa yawansu bai kai 300 ba. Sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Kundin Penal Code da ya fara aiki a Arewa a 1960 ya tanadi ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba, irin tanadin da Pakistan ta soke a 2022, majalisun Gana da Malesiya kuma suka soke a 2023, bayan sun gane cewa tsoron ɗan sanda yana hana mara lafiya zuwa asibiti. Idan aka haɗa ƙarancin likita da nisan asibiti da tsoron hukuma da gorin maƙwabta, har da fargabar kada a ƙi auren 'ya'yan gidan, ba abin mamaki ba ne mutum ya ga babu wanda zai kai wa kuka sai wayarsa.

Abin da ya sa wannan sa'a ta dare take da muhimmanci shi ne wani abu da bincike ya tabbatar: matsanancin halin da yake tura mutum ga halaka kansa yawanci guguwa ce mai wucewa. A 1978 wani malamin jami'a a Kalifoniya ta Amurka, Richard Seiden, ya bi sawun mutum 515 waɗanda aka tare a kan babbar gadar San Faransisko tsakanin 1937 da 1971 suna shirin halaka kansu. Ya tarar bayan kimanin shekara 26, kashi 94 cikin 100 suna nan da ransu ko kuwa sun yi mutuwar Allah da Annabi. Watau maganar da akan yi cewa wanda ya yi niyya ba mai hana shi, ba gaskiya ba ce. Wanda aka riƙe wa hannu ya tsallake daren, galibi yakan rayu. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida kuwa ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya.

Wani limamin coci a Landan mai suna Chad Varah ya gane haka tun da wuri. Jana'izar farko da ya jagoranta a 1935 ta wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 14 ba, wadda ta ga jinin haila karo na farko, ta zaci mugun ciwo ne ya kama ta, ba ta da wanda za ta tambaya, ta kashe kanta. A 1953 ya sa wayar tarho a cocinsa ya sanar cewa duk mai tunanin halaka kansa ya bugo, daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. Ya kamata labarin yarinyar nan ya tsaya wa kowane uba da kowace uwa a rai, domin abin da ya kashe ta babi ne da yake cikin Ahalari da Risala, wanda kowace malamar Islamiyya za ta warware mata cikin minti biyar. Hikima kuwa kayan mumini ce da ya ɓata, inda duk ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita, ko da a hannun wanda ba Musulmi ba ne.

Abin da tarho ya fara, intanet ya faɗaɗa shi. Tun 2010 kamfanin Google ya fara sa lambar neman agaji a saman shafi idan mutum a Amurka ya nemi bayani a kan kashe kai. A watan Yuli na 2022 Amurka ta buɗe lamba 988, wadda ake iya bugawa ko a aika mata saƙo ko a yi hira a rubuce ta shafinta. Rubutun nan yana da amfanin da murya ba ta da shi, domin yarinyar da take kwance ɗaki ɗaya da ƙannenta ba za ta iya ɗaga murya ba, amma tana iya rubutu a ƙarƙashin mayafi. Musulmin ƙasashen Turai da Amurka su ma ba su zauna ba. An kafa Muslim Youth Helpline a Landan a 2001, an kafa Naseeha a Kanada a 2006, Dakta Rania Awaad ta Jami'ar Stanford kuma, wadda ta haɗa karatun likita da na addini, ta tsara horo na musamman ga limamai a kan yadda za su fuskanci wannan matsala kafin ta auku da bayan ta auku. A nan gida, an kafa SURPIN a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, har ta keɓe layin waya domin masu jin Hausa. A 2016 aka kafa Mentally Aware Nigeria Initiative, a shekarar ce kuma Hauwa Ojeifo ta kafa She Writes Woman, bayan ta fito fili ta ba da labarin ciwonta da yadda ta samu magani.

Ban da layukan agaji, akwai shafukan da aka shirya su kamar darasi, mutum ya bi su mataki mataki ya koyi yadda zai sarrafa tunaninsa. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya tare da ma'aikatar lafiya ta Labanan, aka gwada shi a kan 'yan ƙasar da 'yan gudun hijirar Siriya. Darasi biyar ne cikin harshen Larabci, a siffar labari mai hotuna, sa'an nan kowane mako wani mataimaki da aka horar, wanda ba likita ba ne, ya tuntuɓi mai karatun na kamar minti 15. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna damuwar waɗanda suka bi shi ta ragu fiye da ta waɗanda ba su bi ba. A lura da mataimakin nan. Shafi kaɗai mutane da yawa sukan fara su watsar, sanin cewa akwai ɗan Adam da zai tambaye ka ranar Laraba shi ke sa a daure. Irin waɗannan shafuka sukan kuma taimaki mutum ya rubuta abin da masana biyu, Barbara Stanley da Gregory Brown, suka tsara suka kira shirin tsira: tun yana cikin hayyacinsa ya rubuta alamun da yake gani idan guguwar ta taso, da abin da yake kwantar masa da hankali, da sunayen mutanen da zai kira, da asibitin da zai nufa, da abubuwan haɗari da za a kawar daga ɗakinsa. Albalhi ya riga su da shekara dubu, domin ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo, ya kuma guji kaɗaici, ya nemi mai hankali da zai riƙa ba shi shawara.

Hukuncin wannan duka a fili yake. Ƙa'ida ce sananna, wadda Imam Ƙarafi na mazhabarmu ta Malikiyya ya yi bayaninta, cewa hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi. Shafin da yake kai mutum ga tsira da ransa, shigarsa halal ce, ga wanda yake cikin haɗari ma wajibi ce idan ba shi da wata hanya. Samar da shi kuwa faralu kifaya ne, watau wajibin da idan waɗansu suka tsaya da shi ya sauka daga kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Amma wannan ƙa'ida baki biyu gare ta, kuma a nan ne yawancinmu muke da hannu cikin ɓarna ba mu sani ba. A 1974 wani masanin zamantakewa, David Phillips, ya nuna cewa duk lokacin da jaridu suka buga labarin kashe kai a shafin farko, adadin masu yin haka yakan ƙaru a makonnin da suka biyo baya. A birnin Biyana na Ostiriya, bayan irin wannan mutuwa ta yawaita a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, masana suka roƙi 'yan jarida a 1987 su daina kambama labarin da bayyana yadda aka yi. Cikin watanni kaɗan abin ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. A wancan zamani editoci ƙalilan aka roƙa. Yau kowane mai waya edita ne. Mun ga abin da ya faru a Nijeriya a 2019, sa'ad da sunan wani maganin ƙwari ya cika dandalin sada zumunta, ana yaɗa hotunan kwalbarsa da wasiƙun ban kwana na matasa, har waɗansu suna barkwanci da shi, sai da hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a watan Yuni na shekarar. Da gangan ba mu ambaci sunansa a nan ba. Wanda ya tura hoton gawa, ko wasiƙar ƙarshe, ko bayanin abin da mamacin ya yi amfani da shi, ko da ya rubuta innalillahi a ƙarƙashi, ya sani cewa cikin mutum ɗari da za su gani akwai mai yiwuwa guda yana bakin rami, kuma ya nuna masa hanya. Malikawa sun fi kowa riƙo da saddu zari'a, watau toshe kafar da ɓarna take shigowa. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa kowane labari na aminci ko na tsoro da zarar ya zo musu, maimakon su mayar da shi ga masu sani. Ga kuma hakkin mamaci na a suturta shi, da hakkin iyalinsa.

Su kansu kamfanonin ba su kuɓuta ba. Na'urar waɗannan shafuka tana lura da abin da mutum ya tsaya ya kalla, sai ta ƙaro masa irinsa, mai baƙin ciki a ƙara masa baƙin ciki. Molly Russell, yarinya 'yar shekara 14 a Landan, ta rasu a watan Nuwamba na 2017. Bincike ya gano cewa a watanni 6 na ƙarshen rayuwarta ta yi mu'amala da abubuwa kimanin 2,100 a Instagram da suka shafi damuwa da cutar da kai da kashe kai. A watan Satumba na 2022 alƙalin binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa abin da ta gani a intanet ya taimaka wajen mutuwarta, kuma wannan shari'a tana cikin abin da ya ƙarfafa dokar tsaron intanet da Ingila ta kafa a 2023. Haka kuma a watan Agusta na 2025 waɗansu iyaye a Kalifoniya suka kai ƙarar kamfanin OpenAI, suna zargin cewa hirar da ɗansu mai shekara 16 ya riƙa yi da ChatGPT ta taimaka wajen mutuwarsa. Manhaja mai hira tana iya ba da bayani, amma ba ta iya tasowa ta zo ƙofar gida. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, uban da bai san abin da 'yarsa take kallo da tsakar dare ba, ya fara da zama ya yi hira da ita tun kafin ya kai ga ƙwace waya.

Akwai bishara a ɗaya gefen. Wani bincike da Thomas Niederkrotenthaler da abokan aikinsa suka buga a 2010, a Biyana ɗin dai, ya nuna cewa labarin mutumin da ya shiga ƙunci har ya yi tunanin mutuwa, sa'an nan ya nemi taimako ya fita, yana tafiya tare da raguwar adadin masu kashe kansu. Ashe ba shiru ake nema ba, irin labarin da za a bayar ne abin dubawa. Mu kuwa Alƙur'aninmu cike yake da irin wannan labari: Yunusa a cikin kifi, Ayuba a kan shimfiɗar ciwo, Yusufu a rijiya da kurkuku, Hajara tsakanin Safa da Marwa. Mai wa'azin da ya ba da waɗannan, ya haɗa da labarin mutanen zamaninmu da suka sha magani suka warke, ya rufe da lambar da za a kira, ya yi aikin da tsoratarwa kaɗai ba za ta yi ba. Wanda ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba shi da amfani kuma Allah Ya yi fushi da shi, idan aka ƙara masa da zancen azaba kawai, an tabbatar masa da abin da Shaiɗan yake raɗa masa ne. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar, wadda ta hana ɗebe ƙauna daga rahamar Allah, ita ta fi dacewa da kunnensa.

To, idan ka ga ɗan'uwanka ya rubuta a shafinsa cewa ya gaji da duniya, ko yana neman gafarar kowa ba tafiya za shi ba, ko yana cewa nan gaba kaɗan za a huta da shi, me za ka yi? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, a intanet kuwa babu fuska, saboda haka sai a ɗauki rubutun da gaske. Kada ka amsa masa a bainar jama'a da wa'azi ko da dariya. Bi shi ta saƙon sirri, ko ka kira shi, in da hali ka taka ka je. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya shiga masallaci ya tarar da wani Ba'ansare mai suna Abu Umama zaune ba lokacin salla ba, ya tambaye shi dalili, ya ce damuwa ce da basussuka, sai ya koya masa addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da rinjayen bashi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin ƙissar, amma addu'ar ta tabbata a Buhari daga Anas. Abin koyi shi ne ya lura, kuma ya tambaya. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron kada tambayar ta sa masa tunanin, alhali bincike ya nuna ba ta sawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin an sauke masa kayan da ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Sa'an nan ka yi shiru ka saurara. In ya ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba, kada ka rantse. Riƙon sirri amana ne, amma rai ya fi shi nauyi a ma'aunin shari'a. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makami daga inda yake. Kada a raina wannan na ƙarshen: ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafi haɗari, adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta an tsirar da rai 93,000. Mu da buhunan taki da kwalaben feshi suke kwana ɗaki ɗaya da mu a lokacin damina, wannan darasi namu ne. Daga nan sai asibiti. A yi ruƙiyya da addu'a da sadaka, a kuma sha maganin likita, ɗaya ba ya korar ɗaya. Abin da ba shi da gurbi a addini shi ne ɗaure mara lafiya da mari da dukansa da sunan fitar da aljani, haka nan masu tallan maganin kowace cuta a intanet waɗanda suke cewa a zubar da ƙwayoyin asibiti a aiko musu da kuɗi. Shafin kirki yakan faɗi sunan asibiti ko ƙungiyar da take bayansa, ba ya alkawarin warkewa cikin kwana 3, ba ya hana ka ganin likita.

Saura babban giɓi, wanda shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauko wannan magana. Mafi yawan abin da muka lissafa da Turanci yake. Matar aure a ƙauye wadda ta haihu damuwa ta rufe ta, ko saurayin da ya kwashe shekaru yana neman aiki, ko wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa da iyalinsa, idan ya nemi taimako da Hausa abin da zai samu kaɗan ne, da yawansu ma karatun boko bai wadace su ba, sai dai murya. Alhali kuwa muna da malamai waɗanda karatunsu yake kaiwa ga dubban ɗaruruwan mutane ta Facebook da YouTube da WhatsApp, musamman a watan azumi. Muna da likitocin ƙwaƙwalwa Musulmi masu jin Hausa a Kaduna da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Me zai hana malami da likita su zauna tabarma ɗaya su shirya gajerun saƙonnin murya, da shafi guda amintacce, da layin da mace za ta samu mace ta amsa mata? Me zai hana manyan ƙungiyoyinmu na addini, waɗanda suke da 'yan agaji a kowace ƙaramar hukuma, su horar da waɗansu daga cikinsu a kan sauraro da sanin lokacin da za a miƙa mutum ga likita? Attajirin da yake neman sadaka mai gudana ya sani cewa albashin mai amsa waya da tsakar dare wakafi ne kamar rijiya. Ranar 10 ga Satumba ta kowace shekara, tun 2003, duniya take tunawa da rigakafin wannan musiba, ranar 10 ga Oktoba kuma ta lafiyar ƙwaƙwalwa ce. Limaman Juma'a suna iya ɗaukar Juma'ar da ta fi kusa su yi huɗuba a kai.

Kai kuma ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, da kike karanta wannan alhali abin da ake faɗa yana cikin zuciyarki: tunanin da yake zo miki ba shi ya fitar da ke daga Musulunci ba, kuma Allah ba Ya kama bawa da abin da zuciya ta raya matuƙar bai aikata ba. Ciwo ne, yana da magani. Kada ki kwana da shi ke kaɗai yau. Ki gaya wa mutum guda da kika amince da shi, ki ba shi ajiyar duk abin da kike tsoron ki cutar da kanki da shi, ku nemi layin SURPIN ko She Writes Woman ta shafukansu, in abin ya tsananta a kira 112 ko a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da nasu sashen.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan mamatanmu.